Gaturan Mai Wuta

Sanda ta goma sha biyu ta tsinke da hantsi, da ƙarar da ta sa mai shara ya leƙo ta taga. Injiniya ta duba allon injin, ta rubuta lambar a ƙarƙashin 'yan uwanta goma sha ɗaya, ta ja kujera ta zauna tana kallonsu. Aikin injin nan ɗaya ne tal: ya kama sandar ƙarfe sama da ƙasa, ya yi ta ja har ta tsinke, sannan ya faɗi irin wuyar da ya sha kafin ta ba da kai. Yau kuwa ya sha wuya sosai. Duk wanda ya san ƙarfen zubi, in ya ga lambobin nan, zai ce a jinjina wa wanda ya narka shi. Wanda ya narka shi mahaifinta ne, amma ko murmushi ba ta yi ba.

Shekara talatin da ɗaya mahaifin nata ya yi yana tsaye a gaban tanderun wani gidan zubi, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Mai Wuta yake ce masa. Murafun famfon ban-ruwa suke zubawa, kowane murfi da kunnuwa huɗu inda ake ɗaure noti. Wata shida ke nan murafun suna dawowa daga gonaki da karyayyun kunnuwa. Manoma sun yi ƙorafi har sun gaji, dillalai sun fara juya baya, shi ne Manaja ya rubuta wa cibiyar bincike inda take aiki, ya ce a aiko masa da wanda zai gwada ƙarfen. A duk cibiyar ita kaɗai ce ke bincike a kan ƙarfen zubi, don haka ita aka tura.

Ranar da ta je, Manaja ya zaunar da ita a ofis, ya sa aka kawo shayi, ya yi mata bayani dalla-dalla.

"Injiniya, abu biyu ne, babu na uku. Ko ƙarfen ne ba shi da kyau, ko samfurin katakon da ake danna wa a yashi. Wata shida da suka wuce tsohon samfurin ya cinye, Kafinta ya sassaƙa sabo, daga nan kunnuwa suka fara karyewa. Ni zatona ya rage musu kauri. In gwajinki ya ce ƙarfe lafiya lau yake, to Kafinta zai tattara kayansa. In kuma ƙarfen ne..."

Bai ƙarasa ba, ya kai kofi baki. Ba sai ya ƙarasa ba, ta gane.

"Yallaɓai, ka san dai mai narka ƙarfen nan mahaifina ne."

"Na sani mana. Shi ya sa hankalina ya kwanta. Ke 'yar gida ce, ba za su yi miki rufa-rufa ba."

Manaja mutumin kirki ne, Allah ya sani, sai dai bai san mutanensa ba ko kaɗan. A tsakar gidan zubin nan Injiniya ta koyi tafiya. Tun tana ƙarama take kawo wa mahaifinta abincin rana, ta koma gida da toka har cikin kunne, uwarta na faɗa. Kafintan da ake maganar kora, Kawu take ce masa, ko da yake babu jini tsakaninsu. Shi ya sassaƙa mata akwatin fensir na farko, mai murfin da ake zamewa, wanda har yau yana cikin durowarta. Shi da Mai Wuta rana ɗaya aka ɗauke su aiki, kuma tun daga ranar suke faɗa a kan wanda ya girmi wani.

Suna cikin shan shayin ne aka buɗe tanderu. Kafin ta fito ta sa takalmin aiki da hular kwano, Dogo, shugaban masu zubi, ya tare ta da fara'a, haƙora duk a waje.

"'Yar Baba, kar ki wahalar da kanki, mun riga mun zuba sandunanki. Wurin nan zafi, kar ki ƙone mana. Gobe ki aiko a ɗauka."

Ta yi godiya ta tafi. Wannan kuskurenta ne, kuma daga baya ba ta ɗora wa kowa shi ba.

Yanzu ga sakamako a gabanta, fes. In ta sa hannu ta aika, mahaifinta ya fita tas, Kawu kuma ya rasa aikin da ya tsufa a kansa. Babu wanda zai ce ta yi ƙarya, domin inji ne ya faɗa, shi kuwa ba shi da uba a gidan zubi. Amma lambobin sun yi kyau fiye da kima. Shekara huɗu tana karya sandunan ƙananan gidajen zubi, ta san halinsu: wata ta yi sama, wata ta yi ƙasa, wata ta zo da rami a ciki. Waɗannan goma sha biyun kuwa kai ɗaya suke, sai ka ce 'yan makarantar da suka kwafi amsa a wurin mutum guda.

A ƙarƙashin teburinta akwai murfi ɗaya daga cikin waɗanda suka dawo daga gona, duk laka da tsatsa, kunne biyu a karye. Ta ɗora shi a tebur, ta ɗaure, ta auna kaurin kunnen da ya rage, ta gwada da tsohon zanen da Manaja ya ba ta. Daidai yake, ko gashi bai ragu ba. In kauri bai canza ba, to Kawu ba shi da laifi. Ta ɗauko zarton ƙarfe ta yanki tsakiyar murfin, inda yake da kauri, zarto ya shige sumul, baƙin gari na zuba yana ɓata mata yatsu. Ta koma kan kunnen. Ja uku ta yi haƙoran zarton suka zube. Ta sa magagari, ya riƙa zamewa yana ƙara, ko ƙwarzane bai yi ba.

Da guduma ta ɓalle kunnen. Cikinsa fari ne ƙal, yana walƙiya.

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka farin ya fi kyau. Ina! Ƙarfen zubi na kirki toka-toka ne a ciki, domin cike yake da wani baƙin ɓarɓashi irin na bakin fensir, shi ke sa shi haƙuri, ya sha duka bai fashe ba. Inda ƙarfe ya yi siriri yakan huce da sauri, in kuma haɗinsa bai yi daidai ba, ɓarɓashin ba ya samun sukunin fitowa, sai wurin ya zama fari, mai tsananin tauri, mai karyewa kamar tangaran. Maganin abin wani dakakken dutse ne mai ƙyalli da ake barbaɗawa a narkakken ƙarfe. Masu boko silikon suke ce masa, 'yan gidan zubi kuwa ba su wahalar da bakinsu ba, magani suke cewa kawai.

Ta goge guntun sanda ɗaya da guntun kunnen har suka zama madubi, ta ɗiga musu ruwan gwaji, ta sa su ƙarƙashin gilashin da ke girmama abu. Na sandar cike da baƙin ɓarɓashi, a baje ko'ina gwanin sha'awa. Na kunnen babu ko ɗaya. Ba ƙarfe ɗaya ba ne, ko kusa. Ta kashe fitila, ta sa kunnen a jaka.

Washegari da safe ta sami Dogo yana tankaɗe yashi a bayan rumfa. Ba ranar zubi ba ce, gidan shiru, akwatunan yashi a jere a ƙasa, ƙamshin gawayi da ƙonannen mai ya cika wurin. Bayan sun gaisa ta tambayi iyali, sai ta ce:

"Yaya Dogo, daga wane ludayi aka zuba sandunana?"

Ludayin nasu ba na miya ba ne, tukunya ce mai dogayen hannuwa da ƙarti biyu ke ɗauka.

"Daga mai kyau mana," in ji Dogo.

"Akwai mara kyau ke nan?"

Ya ajiye rariya, ya sosa ƙeya, ya kalli rufin kwano kamar a can amsar take.

"To, kin ga, 'Yar Baba, kayan jarrabawa ne. Mutum ba ya zuwa jarrabawa da rigar aiki. Akwai ɗan gwangwanin magani da na daɗe ina ɓoyo, shi ne na ce bari a ɗan ƙara musu."

"Nawa ka ƙara?"

"Kaɗan."

"Yaya Dogo."

"To, duka gwangwanin." Ya yi saurin ɗaga hannu. "Kuma ba mu tone su da wuri ba, mun bar su cikin yashi sun kwana, mun lulluɓe su da buhu kar iska ta buge su. Guda ashirin muka zuba, muka zaɓar miki sha biyu masu santsi. Wallahi ni da kaina na wanke su. Ba su yi kyau ba ne?"

Ta rasa abin da za ta yi, dariya ko kuka. Ƙaton mutum, mai ɗaukar narkakken ƙarfe kamar ruwan wanka, yana tsaye ya yi tsuru-tsuru yana jiran a yaba masa.

"Sun yi kyau, Yaya. Sun yi kyau har ba su da amfani. Ni ba ƙarfe mai kyau na zo nema ba, wanda kuke zuba wa manoma na zo gani."

"Mu dai mun ga ke ce, mun ga kuma Baba ne. Ya za a yi 'yarsa ta gwada ƙarfensa a gaban manya ya faɗi?"

"In ya ci, ka san wanda zai tafi?"

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Dogo. Ya juya ya kalli ƙofar shagon Kafinta, fuskarsa ta canza.

"Baba ya san kun yi haka?"

"Wa? Baba? Da ya sani da yanzu ba a nan kika same ni ba, ina asibiti."

Ta bi ta shagon Kawu. Ɗaki ne mai ƙamshin katako da fenti, samfura rataye a bango, ja da baƙi, kowanne da lambarsa. Ya shimfiɗa tsohon tawul a kan benci yana jera kurfuna da 'yan wuƙaƙen sassaƙa a kai, yana shafa wa kowanne mai kafin ya naɗe.

"Kawu, me kake yi haka?"

"Shara nake, 'yata. Mutum ya tsufa sai ya riƙa rage kaya." Ya dube ta ta saman tabarau. "An ce sandunanki sun yi kyau. Na ji daɗi. Wancan tsohon ba shi da kunya, amma ya iya wuta."

"Na auna kunnen, Kawu. Ba ka rage komai ba."

"Na san ban rage ba. Sau uku na auna kafin na shafa fenti." Ya ci gaba da naɗe kurfi. "Amma in dole ɗaya ya tafi, ni ina da hannu, ko a ƙofar gida na kafa benci zan gyara wa mutane kujeru. Shi fa? Wa zai ba shi tanderu a ƙofar gida? Ki rubuta abin da injinki ya ce, ki bar sauran."

Ta fita, ta nufi bayan tanderu.

A bayan tanderu akwai wani ɗan ɗaki da babu mai shiga sai Mai Wuta. Nan gaturansa suke. Ba gaturan sara ba ne, wasu 'yan ƙarafa ne da ba su wuce tsawon yatsa ba, masu kauri ta baya da siririn baki, shi ya sa ake ce musu haka. Duk ranar zubi, da ƙarfe ya fara gangarowa ta indararon tanderu, Mai Wuta zai ɗebi kaɗan ya zuba gatari ɗaya, ya tsoma shi a ruwa, ya karya da guduma, ya duba cikinsa. Siririn bakin kullum fari yake fitowa. Abin dubawa shi ne iya inda farin ya hau. In ɗan kaɗan ne, ƙarfe ya yi, a zuba. In ya hau sama, a ƙara magani. Kowane mai wuta yana yin wannan, sannan ya jefar da guntayen. Shi kuwa nata uban bai taɓa jefarwa ba. Yakan shafa wa rabin mai, ya rubuta kwanan wata da farin fenti, ya jera a kan kanta. Shekara talatin da ɗaya, zubi biyu a mako, kantoci tun daga ƙasa har rufi. Abokan aiki sun yi masa tsiya har sun gaji, Kawu yakan ce gadon da zai bar wa 'ya'yansa ke nan. Ita kuwa tun tana yarinya ta san babu littafi a cibiyarsu da ya kai ɗakin nan.

Ta same shi zaune a kan wani tsohon gwangwanin fenti, da tsumma a hannu. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Auta, ke ce? Na ji muryarki da Dogo. Me ya yi kuma?"

Ta gaya masa komai, ba ta rage ba. Ta zaci zai miƙe ya nufi bayan rumfa da guduma. Bai motsa ba. Ta ciro kunnen daga jaka ta miƙa masa. Ya karɓa, bai kai shi gaban ido ba, sai ya shafa karyayyen wurin da babban yatsa. Ya lalubo ƙaramar gudumarsa, ya riƙe kunnen da yatsa biyu, ya ƙwanƙwasa. Ƙarfen ya yi wata siririyar ƙara mai tsawo, kamar an taɓa kofin gilashi.

"Fari ne," in ji shi a hankali.

"Fari ne, Baba."

"Ɗauko min na wata takwas da suka wuce. Kanta ta uku daga ƙasa, hannun dama. Ki jero su har na shekaranjiya."

Ta kwaso su ta jera a bakin taga inda haske yake, ta fito da ma'auninta. Na farko, farin milimita uku. Na biyu, uku. Haka suka tafi har wata biyu, sannan huɗu, biyar, shida. Na watan jiya takwas. Na shekaranjiya, ranar da aka zuba sandunanta, tara da rabi. Ko ba ma'auni, ko yaro aka kira zai ga farin yana hawa kamar ruwa a randa. Ta juyo za ta tambaye shi yadda aka yi bai gani ba, sai ta ga inda yake kallo. Ba gaturan yake kallo ba, gefensu yake kallo, wajen ƙarfen taga.

"Faɗa min abin da kike gani, Auta."

Nan take abubuwa suka riƙa dawo mata: ranar da ya zuba shayi a gefen kofi ya ce tebur ne ya karkace, yadda ya daina karanta jarida ya ce duk ƙarya ce a ciki, yadda kwanan watan da ke jikin gaturan baya-bayan nan ya karkace, wani ma ya hau kan wani. Duk gidan sun yi ta yi masa dariya, har da ita.

"Baba, tun yaushe?"

"Ya kusa shekara. Kamar hayaƙi ya fara, na ce na tanderu ne. Yanzu wuta kawai nake gani sosai, da inuwar mutane." Ya juya gudumar a hannunsa. "Hanyar gidan nan ƙafata ta haddace. Zafin ƙarfe fuskata ke gaya min. Gatari ne kaɗai ya gagare ni. Sai in karya, in ɗaga sama kamar ina dubawa, in ce a zuba magani yadda aka saba."

"Amma me ya canza? Da yadda aka saba yana isa."

"Kayan da ake kawo mana. Da tsofaffin injinan mota ne, su da maganinsu suke zuwa a jiki. Yanzu sun yi wuya, rodi ake haɗo mana da sifirin manyan motoci. Ina jin su in ana sauke su, ƙararsu daban." Ya ajiye gudumar. "Kuma ina jin gatarin in na karya. Na kirki ɗif yake yi, ya yi shiru. Waɗannan kuwa kuka suke. Kunnena ya gaya min tun wata biyar, Auta. Na ƙi ji, don in na ji sai na nemi wanda zai duba min, in na nema kuwa kowa ya sani."

Ba ta taɓa jin mahaifinta ya ce ya ji tsoron wani abu ba, yau ma bai faɗa ba, amma ta ji shi. Tausayinsa ya kama ta har ta rasa inda za ta sa kanta. Ta matso kusa, ta yi ƙasa da murya.

"Baba, zan iya rubuta cewa kayan narkawa ne suka canza. Gaskiya ce, ga shaida a jere. Kawu ya tsira, kai ma ka tsira. Sai mu je asibiti a duba idon, ba wanda ya sani."

"Rabin gaskiya ce."

"Amma ba ƙarya ba ce."

"Kaya sun sha canzawa. Duba kanta ta sama, shekarar da aka haife ki, wata uku ana kawo mana tarkacen jirgin ƙasa. Kin ga farin ya hau? Bai hau ba, don ina gani. Don kaya na canzawa ake ajiye mai wuta, in ba haka ba ai ko Dogo ya isa." Ya miƙa mata kunnen. "Ni na kai ki makaranta ki koyi auna ƙarfe. Ban kai ki don ki zo ki lulluɓe ni da buhu kamar sandunan Dogo ba. Gobe akwai zubi. Ki zo da ma'auninki, ki ce wa Manaja ya sauko."

Washegari injin hura iska ya tashi tun da sassafe, tanderu na ruri, tartsatsi na fita ta samansa. Masu zubi sun yi layi da ludayoyinsu, Manaja na tsaye nesa kaɗan da hular kwanon da ta yi masa yawa, Kawu a bakin shagonsa. Mai Wuta ya soke toshiyar yumɓu da dogon ƙarfe, narkakken ƙarfe ya gangaro ta indararo, fari-fari, yana haska fuskokin mutane. Ko yanzu, ko da wannan idon, babu wanda ya iya tsayuwa a gaban wuta kamarsa. Ba ya gaggawa, ba ya ja da baya, hannunsa na zuwa inda ya kamata tun kafin a ga dalili. Ya ɗiba, ya zuba gatari, ya jira, ya kama da awartaki ya tsoma a ruwa, ya ɗora a kan ƙarfe ya karya.

Kowa ya jira ya ɗaga shi sama kamar kullum. Sai ya juya, ya miƙa hannu wajen da ya ji muryar 'yarsa, ya ɗaga murya yadda har na bakin ƙofa zai ji duk da rurin iska.

"Injiniya, karanta min. Idona ya daina gani."

Bai taɓa kiranta Injiniya ba sai ranar. Masu zubi suka yi cirko-cirko. Dogo ya saki hannun ludayi har abokin ɗaukarsa ya yi masa tsawa. Ta karɓi gatarin, da sauran ɗumi a jikinsa, ta sa ma'auni.

"Tara."

"Kun ji. Haka yake tun wata shida, ni ne ban gani ba, na kuma ɓoye. Samfuri ba shi da laifi." Ya juya. "Dogo, tunda ka iya barbaɗa magani, kawo gwangwani biyu. Wannan karon na manoma ne."

Aka barbaɗa, aka juya, ya sake zuba gatari, ya karya. Shida, in ji ta. Ya ce a ƙara rabin gwangwani. Na ukun da ya ɗora ya buga, ƙarar ta fito gajeriya, ɗif. Kafin ta kai ma'auni ya riga ta.

"Uku."

Ta auna. Ta ɗago kai, hawaye na bin fuskarta, ba ta damu da share su ba.

"Uku ne, Baba."

"A zuba."

Ya tsaya har aka cika akwati na ƙarshe, aka kashe iska, aka saki gindin tanderu. Sannan ya kwance rigar fatar da ke gabansa, ya ninke, ya ɗora ƙaramar gudumarsa a kai. Manaja ya matso yana ta laluben abin faɗa, ya fara maganar asibiti, da cewa ai za a duba, ba a yanke komai ba tukuna. Mai Wuta ya saurare shi cikin ladabi har ya gama.

"Na gode, Yallaɓai. In likita ya buɗe idon, zan zo in nemi aiki kamar kowa. In bai buɗe ba, kar ka sa makaho a gaban wuta don kunya, akwai ƙafafun mutane a wurin nan. Rahoton kuma ka karɓa yadda ta rubuta."

Ya laluba aljihu ya ciro ɗan mabuɗi mai igiya, ya riƙe a iska har ta sa hannu ta karɓa.

"Ki kwashe su ki kai ɗakin gwajinki, ki auna su duka, ko wani zai ƙaru. Har da na wata shidan nan. Su ma kar ki bar ko ɗaya, su za ki sa a gaba."

Tsakanin tanderu da ƙofa akwatuna ne a jere, fiye da ɗari, kowanne na hayaƙi, da 'yar siririyar hanya a tsakiya. Shekara guda yana bin hanyar nan da ƙidayar taku, ba wanda ya lura. Ya ɗaga ƙafa zai fara, sai ya ji an kama masa gwiwar hannu. Ya san hannun, duk kaushi ne da ƙamshin katako.

"Sake ni, kai. Na san hanya."

"Ka san ta mana," in ji Kawu. "Ni ne ban sani ba. Ka raka yayanka."

"Wane yayan? Da wata huɗu na girme ka."

"To, muje dai, ka ba ni labarin a hanya."

Mai Wuta bai ƙwace hannunsa ba. Injiniya ta tsaya da mabuɗin a tafinta tana kallonsu, tsofaffi biyu suna tafiya a hankali tsakanin akwatunan, suna gardama, har suka fita ƙofa. Sannan ta share fuska da bayan hannu, ta ce wa Dogo ya ware mata murafu shida in sun huce, kuma ita za ta nuna waɗanda take so.